Ya ce mai ya kusa ƙarewa, me ya hana a sauke shi?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, na faɗa YouTube, sai na ci karo da wani bidiyo da aka jera maganganun da suka gudana tsakanin matuƙan wani jirgin Kolombiya da jami'an da ke ba jirage hannu a New York. Avianca 52, ranar 25 ga Janairun 1990. Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Jirgin ya taso daga Bogota, ya biya ta Medellin, da ya shigo sararin Amurka aka ce ya yi ta zagaye, saboda yanayi ba kyau kuma jirage sun yi cunkoso. Sau uku ana tsayar da shi, jimilla minti 77 yana shawagi. Mataimakin matuƙin ya faɗa musu da bakinsa mai yana ƙare musu, kuma ba sau ɗaya ba. Amma da suka gwada sauka suka kasa, sai jami'in ya ce zai kai su mil 15 arewa maso gabas kafin ya juyo da su. Injina huɗun suka mutu, jirgin ya faɗi a wani wuri da ake kira Cove Neck, mutum 73 cikin 158 suka rasu. Ko wuta bai kama ba, don babu man da zai ci.

Tambayata ga masana: mutum ya ce maka mai ya kusa ƙarewa, wane Turanci kuma kake jira? Ni a ganina raini ne kawai, don sun ji harshensa ba irin nasu ba ne.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Ko a tasha yaron mota ya ce "Oga, mai ya yi ƙasa", ai ba ka tsayawa gyara masa nahawu. Gidan mai na gaba kake nema.

Baba Hasumiya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na fahimci ɓacin ranka, ni ma ranar da aka fara kunna mana kaset ɗin nan a aji kasa cin abincin rana na yi. Na yi shekaru masu yawa ina wannan aiki kafin in aje, bari in gaya maka abin da bidiyo ba zai nuna maka ba.

Kai ka saurara kana sane da yadda labarin ya ƙare. Duk kalmar da yaron nan ya furta, kunnenka na jin ta a matsayin kukan neman ceto, saboda ka san saura minti kaza jirgin ya faɗi. Wanda ke zaune gaban rada a daren nan bai sani ba. Gabansa akwai jirage birjik, kowanne ya daɗe yana zagaye, kowane matuƙi yana ƙorafin mai. A dare irin wannan, "mai yana ƙare mana" magana ce da za ka ji daga baki da yawa, kuma mafi yawansu nufinsu shi ne sun fara taɓa man da suka ware don jira, ba wai tankin ya bushe ba. Mai ba da hannu ba ya ganin ma'aunin man jirgi. Abin da yake gani ɗigo ne a allo, da lambar jirgin, da tsayinsa, da gudunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ya sa aka ware kalmomi. Matuƙi ya ce "mayday", ko ya ce "emergency", an gama magana, za a kawar da kowa daga hanyarsa, ko da jirgin shugaban ƙasa ne. Mataimakin Avianca bai taɓa furta ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya nema shi ne "priority", wato a ba su fifiko. Kalmar nan ba ta da wani matsayi a littafin aikinmu. Kuma a ganin jami'an sun ba shi abin da ya nema, don da aka tambaye shi minti nawa zai iya ƙarawa yana zagaye ya ce kamar biyar, nan take aka fitar da shi daga zagayen aka sa shi layin sauka.

Ɗan Fagge:
Baba, da girmanka, amma ai ya ƙara da cewa filin da suka tanada idan New York ta gagara shi ne Boston, kuma yanzu ba za su iya kaiwa can ba. Wannan bai isa mutum ya farga ba?

Baba Hasumiya:
Ya isa, kuma nan ne nake ganin laifin ɓangarenmu, ba zan kare shi ba. Jirgi ba hannun mutum ɗaya yake bi ba. Wanda ke kula da shi a can sama daban, wanda zai jera shi layi daban, na hasumiya daban, kowa da tasharsa. Maganar Boston ɗin nan ba ta isa kunnen jami'i na gaba ba. Shi abin da ya karɓa jirgi ne da aka ce ba zai iya ƙara jira ba, sai ya bi da shi yadda ake bi da kowa. Daga maganar minti biyar zuwa faɗuwar jirgin an yi sama da minti 40. Duk tsawon lokacin nan matuƙan na ganin ai sun faɗa, kowa ya sani. Kowane sabon jami'i kuwa daga farko yake farawa.

Maman Ilham:
Ni ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, harshe nake koyarwa, amma wannan haɗarin na taɓa karanta rubutaccen zancensa gaba ɗaya, har da abin da baƙin akwati ya naɗa a cikin ɗakin tuƙi. Ƙanena Ɗan Fagge, abin da ka ji a bidiyon rabin zance ne. Ɗaya rabin da Sifaniyanci aka yi shi, kuma jami'an ba su ji shi ba. Bayan saukar farko ta gagara, kyaftin ɗin ya ce wa mataimakinsa ya gaya musu suna cikin halin gaggawa. Da bakinsa ya furta kalmar. Mataimakin ya danna rediyo, ya maimaita alƙiblar da aka ba su, ya ce za su sake gwadawa, sannan a ƙarshen jimla ya liƙa "mai yana ƙare mana". Kyaftin ya tambaye shi ko ya faɗa, ya ce e ranka ya daɗe, na faɗa masa.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne na mil 15 ɗin da ka ambata. Jami'in bai ba da umarni ya yi shiru ba, tambaya ya yi: hakan ya yi muku, da ku da manku? Amsar yaron ita ce, "ina jin ya yi, mun gode ƙwarai". Ina karanta wannan na tuna zuwa dubiya asibiti. Ka tarar da mutum ko hannu ba ya iya ɗagawa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Mu da muka san juna, daga muryar muke gane babu sauƙin. Baƙon da bai san mu ba zai rubuta a takarda cewa majiyyaci ya ce ya samu sauƙi. Yaro ne ɗan shekara 28, ga kyaftin na matsa masa ta hagu, ga jami'in New York mai magana kamar ana korarsa ta kunne, sai ya zaɓi kara.

Malam Tanko na Jos:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Wannan bayanin na al'ada da kunya an daɗe ana yawo da shi, yana da daɗin ji, amma yana sa a ɗauka cutar ta mutanen da Turanci ba harshensu ba ce. A Disambar 1978 jirgin United 173 ya yi ta zagaye kusan awa ɗaya a saman Portland, kyaftin ya duƙufa kan matsalar ƙafafun sauka, abokan aikinsa suna ta yi masa hannunka mai sanda kan mai, babu wanda ya fito ɓaro-ɓaro. Mai ya ƙare, mutum 10 suka mutu. Matuƙan duka Amurkawa ne, Turancin gado.

Sai kuma na Nuwambar 2016, jirgin LaMia da ya ɗauko 'yan ƙwallon Chapecoense na Brazil zuwa Medellin. Matuƙin da jami'ar da ke ba shi hannu duk Sifaniyanci suke yi, babu tafinta a tsakani. Shi ma fifiko ya fara nema, bai ayyana gaggawa ba sai da lokaci ya ƙure. Mutum 71 cikin 77. Can ba kunya ba ce. Ya taso da man da bai wuce tsawon tafiyar ba, kuma ya san ayyana gaggawar mai tana jawo bincike.

Maman Ilham:
Na karɓa, Malam. Ban ce al'adar wata ƙasa ba ce, cewa na yi ɗan Adam yana tausasa magana gaban wanda yake jin nauyinsa. Misalanka ma sun ƙara min hujja ne.

Direban Dare:
To ni abin da ban gane ba, shi wannan mayday ɗin, me ya haɗa shi da ranar ma'aikata?

Injiniya Damagaram:
Hahaha, babu abin da ya haɗa su, ɗan uwa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna jin ta mun gane. Daga "m'aider" take, wato a taimake ni. Wani jami'in rediyo a filin jirgin Croydon na Landan ya kawo ta a farkon shekarun 1920, lokacin yawancin jiragensu tsakanin Landan da Paris suke, ana son kalmar da kunnen ɓangarorin biyu zai kama. Akwai ƙanwarta, "pan-pan", daga "panne", lalacewar inji. Ita wannan tana nufin akwai matsala mai bukatar hanzari amma rai bai shiga haɗari ba tukuna. Kowacce sau uku ake faɗinta, don kada a ɗauka ambatonta kawai aka yi cikin hira.

Ɗalibin Zariya:
Ƙari kan na Injiniya, mu da muke koyon tuƙi yanzu an sauƙaƙa mana abin da ya kashe mutanen Avianca. Tun 2012 ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta raba shi biyu. Idan ka ce "minimum fuel", kana sanar da jami'i ne cewa ka ƙuduri sauka a wannan filin kuma duk wani ƙarin jinkiri zai taɓa man ajiyarka na ƙarshe. Wannan sanarwa ce kawai, ba ta ba ka fifiko. Idan lissafinka ya nuna za ka sauka da ƙasa da ajiyar nan, wadda a jirage masu injin jet ta minti 30 ce, dole ka ce mayday sau uku ka ƙara da "fuel". Malaminmu cewa yake barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, takardar bayanin da za ka cike bayan ka sauka ta fi makara sauƙin ɗauka.

Kuma ko baki ya kasa, akwai lambobin da ake sakawa a na'urar da ke amsa wa rada. 7700 gaggawa, 7600 rediyo ya mutu, 7500 an yi fashin jirgi.

Ɗan Fagge:
To idan kalma ɗaya ce ke buɗe hanya, kenan kalma ɗaya ma za ta iya kashe mutane?

Baba Hasumiya:
Ta taɓa yi, kuma har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Tsibirin Tenerife na Sifaniya, 27 ga Maris 1977, mutum 583. Bam ya tashi a filin jirgin Gran Canaria, aka karkatar da jirage zuwa wani ƙaramin fili, Los Rodeos, har wurin ajiye jirage ya cika. Da aka buɗe hanya sai ya zama dole jirage su bi ta kan titin tashi su je ƙarshensa su juyo. Boeing 747 na kamfanin KLM na Holan yana gaba, na kamfanin Pan Am na Amurka yana binsa a baya a kan titi ɗaya, hazo ya sauko, hasumiya ba ta ganinsu, su ma ba sa ganin juna, filin kuma ba shi da radar ƙasa.

A aikinmu izini biyu ne. Akwai izinin hanya, wanda ke gaya maka inda za ka bi da tsayin da za ka hau bayan ka tashi. Akwai izinin tashi kansa. Abin da aka ba KLM na farkon ne, amma a cikinsa akwai kalmar "takeoff", don an ce musu bayan tashi su karkata dama. Mataimakin matuƙin ya maimaita, ya rufe da wata jimla da ba ta cikin littafi, mai nufin "yanzu muna kan tashi". Jami'in ya ɗauka cewa yake sun tsaya a bakin titi suna jira. Alhali kyaftin ya riga ya saki birki. Jami'in ya ce "OK", ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ku dakata, zan kira ku.

Maman Ilham:
Wannan "OK" ɗin ai shi ne "to" ɗinmu. Ka ce wa uwarka za ka fita, ta ce "to". Yana iya zama je ka, yana iya zama na ji, yana iya zama ka fita ka gani. Sai abin da ya biyo baya ke fassara shi.

Baba Hasumiya:
Kin buga daidai, 'yata, kuma abin da ya biyo bayan ne bai isa kunnensu ba. Rediyon jirgi kamar oba-oba yake, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Biyu suka danna tare, sai ƙara mai kashe kunne. A daidai daƙiƙar da jami'in ke cewa ku dakata, matuƙan Pan Am sun tsorata sun danna suna cewa har yanzu muna kan titin. Saƙo biyu, kowanne shi kaɗai ya isa ya tsayar da KLM, suka haɗu suka cinye juna. "OK" ne kawai ya fita sarai. Injiniyan jirgin KLM ya ji wani abu bai kwanta masa ba, ya tambaya ko Pan Am ɗin bai bar titin ba, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Kyaftin ɗin shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin, injiniyan bai sake magana ba. Duk mutum 248 na KLM suka mutu, a Pan Am 61 suka tsira.

Tun daga nan aka tsare kalmar "takeoff". Ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi, sauran lokuta "departure" ake cewa. Amma ka lura da wani abu, Ɗan Fagge. Wanda ya saurari kaset ɗin hasumiya zai ji jami'in ya ce ku dakata, sarai, sai ya ce kyaftin ya yi kunnen ƙashi. Sai da aka saurari abin da aka naɗa cikin jirgin aka gane bai ji ba. Abin da aka faɗa daban, abin da ya shiga kunne daban, kuma bidiyon intanet yawanci na farkon kawai yake da shi.

Ɗalibin Zariya:
Irinsa ya sake faruwa a Washington ranar 29 ga Janairun 2025, da jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a saman kogin Potomac, mutum 67. A daren kowa ya yi ta yaɗa muryar jami'in yana cewa helikwaftan ya wuce ta bayan jirgin, ana cewa ga shi an gaya musu sun ƙi. Bayan makonni masu bincike suka ce da alama wannan ɓangaren bai shiga kunnensu ba, don a lokacin an danna maɓallin magana a cikin helikwaftan.

Malam Tanko na Jos:
Har na Haneda a Tokyo, 2 ga Janairun 2024. An ce wa ƙaramin jirgin masu gadin teku ya je wurin jira, kuma shi ne lamba ɗaya. Lamba ɗaya a layi ake nufi. Ya maimaita daidai, amma ya hau titin, jirgin Japan Airlines ya sauko a kansa. Biyar cikin shida na ƙaramin suka mutu, duk mutum 379 na babban suka fita da rai.

Direban Dare:
Wato ko ka maimaita daidai ba lallai ka fahimta ba. Kamar karatun yarana na hadda.

Ɗalibin Zariya:
Shi ya sa ba a yarda ka amsa izinin tsayi ko na titi da "roger" ba. Mutane na ɗauka roger e ne. Ma'anarsa "na ji" kawai. "Wilco" shi ne na ji kuma zan yi. Lambobi ma an karkata wasu da gangan, tara ana cewa "niner" don kada ta rikice da biyar a cikin ƙarar rediyo.

Alhaji Na-Sakkwato:
Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Ku yara kuna ta zagaya duniya, ni kuwa wanda ba zan manta ba shi ne na alhazanmu a Jidda, shekarar 1991. A rediyo muka ji, garin nan ya yi tsit, gida-gida ana zaman makoki babu gawa. Daga baya na ji ana cewa wai hasumiyar Jidda ce ta rikita jirgin da wani, shi ya sa ba a sauke su da wuri ba. Shekaru ina riƙe da wannan maganar. Malam Hasumiya, mene ne gaskiyarta?

Baba Hasumiya:
Allah ya jiƙansu, Alhaji, ya sa aljanna ce makomarsu. Maganar da ka ji tana da tushe, amma ba ita ce sanadi ba.

Ranar 11 ga Yulin 1991 ne, da safe. Jirgin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada, Nationair, an ɗauko shi haya yana aiki da sunan Nigeria Airways, zai kai alhazai Sakkwato. Mutum 261, babu wanda ya tsira. Sunan da ya kamata ya riƙa amsawa a rediyo shi ne "Nigerian 2120". Bayan sun tashi suka ga matsin iskar cikin jirgi ya samu matsala, kyaftin ya kira hasumiya, amma cikin ruɗewa bakinsa ya koma sunan kamfaninsa da ya saba, ya ce "Nationair". Sai aka yi rashin sa'a, a daidai lokacin akwai wani jirgin Saudiyya da shi ma ya ba da rahoton matsalar matsin iska. Jami'in ya ɗauka da na Saudiyyan yake magana. Kusan minti uku ana haka kafin a gane.

Duk wanda ya ji wannan zai ce shi ke nan, an kama mai laifi. Amma masu bincike sun auna, suka ce ruɗanin bai canja komai ba. Abin da ya kashe su ya fara ne tun a ƙasa. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, aka sake jirgin a haka don kada a makara. Wajen gudun tashi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ya yi ta gogar titi har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgin, wato suka shigar da ita cikin cikinsa da hannunsu, wurin da babu na'urar da za ta sanar da su. Matsalar iskar da suke ba da rahoto, wutar ce ke cin jirgin. Sun juyo, sun hango titi, jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku. Ko da jami'in ya gane su tun daƙiƙar farko, ba wutar yake gani ba, su ma masu jirgin ba ita suka faɗa masa da fari ba.

Alhaji Na-Sakkwato:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iskar taya. Na gode, Malam. Na daɗe ina jin haushin mutumin da ban sani ba.

Injiniya Damagaram:
Allah ya gafarta musu. Wannan ya sa nake ƙin masu yanko daƙiƙa talatin na murya su sa kiɗan tsoro a ƙasa. Wani lokaci ma shirun matuƙi suke fassarawa, wai me ya sa bai ce komai ba.

Ɗalibin Zariya:
Shirun ma koya mana shi ake yi. Ka riƙe jirgin tukuna, ka san inda ka dosa, sannan ka yi magana. Rediyo ne na ƙarshe. Matuƙin da ya yi shiru a minti na ƙarshe, sau da yawa hannuwansa ne a cike.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka. Amma Baba, a taƙaice, a Avianca wa aka ɗora wa laifi?

Baba Hasumiya:
Hukumar binciken Amurka, NTSB, ta ɗora babban sanadi kan matuƙan, cewa ba su kula da man yadda ya kamata ba kuma ba su ayyana gaggawa ba. Cikin abubuwan da suka taimaka ta lissafa yadda aka tafiyar da cunkoson jirage a daren, da rashin tsayayyun kalmomin da matuƙi da jami'i suka yi tarayya a kansu game da ƙarancin mai. Mutanen Kolombiya sun ga an sassauta wa jami'an. Da aka zo biyan diyya, gwamnatin Amurka ma ta sa hannu a aljihu.

Ni abin da ya canja min aiki ke nan. Wani dare da damina, hadari ya rufe gabas, ina da jirage huɗu suna jira. Ɗaya daga ciki, ba zan faɗi kamfani ba, matuƙin ya kira da murya a kwance kamar mai hira a zaure, ya ce idan da hali za su so su sauko nan ba da jimawa ba. Shi ne na uku a layi. Kalmar "idan da hali" ce ta tsaya min. Na ce masa, faɗa min man da ya rage maka a mintoci. Ya yi shiru, ina jin numfashinsa, sannan ya faɗi adadin da ya sa na miƙe tsaye daga kujera. Na ce kana ayyana gaggawa? Ya sake yin shiru. Na ce to ni na ayyana maka. Na karkatar da biyun da ke gabansa, na kira motocin kwana-kwana. Ya sauka lafiya. Da safe ya hau hasumiya, na zaci godiya ya zo yi, ashe ƙorafi ne, wai na jawo masa rubuta rahoto.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Da sauƙi ɗin dai.

Ɗan Fagge:
Na koma na sake saurara yanzu. Na janye maganar raini, ban ji ta a muryar ba da na saurara da kyau. Amma har yanzu tambayar nan ta "hakan ya yi muku?" ba ta kwanta min ba. Tambaya ce da ke roƙon a ce e. Da cewa ya yi minti nawa ya rage muku, dole yaron ya faɗi lamba.

Baba Hasumiya:
Haka ne, ita ya kamata ya yi. Ni ma sai bayan 1990 na koyi yin ta.